Gilashin Ticha Bitrus

Ran wata Asabar cikin damina, shekarar da naira ta shigo, rana ta fara mutuwa da tsakar rana a Godogodo. Ina bayan gidanmu ina ɗaure awaki, na ga hasken ya yi rauni kamar fitilar da mai ya ƙare mata, kaji suka nufi akurki. Kakata ta fito daga ɗakin girki ta tura mini kwanon tuwo da muciya a hannu. "Wani abu ya kama rana. Je ki buga, ya sake ta." Ban tambaya ba, don a gidanmu yaro ba ya tambaya. Na bi hanyar gonar citta ina bugawa da dukan ƙarfina, ina jin cewa in na yi sanyi, acca da dawarmu ba za su nuna ba.

Ni ce babba cikin mata, saboda haka ƙannena maza aka sa a makaranta, ni aka bar mini rafi, turmi da goyo. Amma ido gare ni. Na san wanda ya ci bulala da wanda ya zo da tsagaggen wando, duk ta tagar aji, in na wuce da itace. Ranar nan bugun kwano ya kai ni har filin coci, na tarar Ticha Bitrus ya tara 'yan makaranta a layi, don ya ji labarin a rediyo tun kafin ya faru. Yana riƙe da fasasshen gilashi da ya baƙanta da hayaƙin fitila. Kowa ya sa a ido ya ɗaga kai, sai ya sauke yana murmushi. Na ɓoye kwanon a bayana na shiga layi, babu takalmi, zanena da warin awaki. Layi ya tafi har ya zo kaina. Ticha ya dubi muciyar da ta leƙo ta gefena ya ce, "Ke koma ki ci gaba da aikinki, kada dodon ya cinye mana ita." Suka kwashe da dariya, har da ƙanena Luka. Na dawo gida ban ƙara bugawa ba, rana kuma ta dawo da kanta. Wannan ya fi mini zafi.

Jikata Rifkatu ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Tana jami'a a nan Kafanchan. Bara ta zo ta ce su da abokanta za su kawo wani tabarau mai kauri ɗakin taron cocinmu, in ka ɗaura shi a kai sai ka ga kanka cikin kumbon da aka aika kusa da rana, wutarta tana tafasa a gabanka. "Kaka, ba ya ƙona ido, kuma ba a tambayar takarda." Na ce ba na wasan yara. Amma na yi wanka na sa kayan zumuntar mata na hau keke Napep na je.

Na tsaya a layi ina lura. Wani dattijo ya riƙe kujera yana kiran sunan Yesu, yara suna miƙa hannu cikin iska. Layi ya zo kaina. Saurayin da ke ɗaurawa ya rusuna ya ce, "Mama, sai kin ɗan cire ɗankwali, igiyar ba za ta zauna ba." Ni da ke mayar da 'yan mata gida in sun shigo coci kai a buɗe? Na dubi bayana, idanu ne cike, wasu sun ɗaga waya. Babu wanda ya yi dariya, amma na ji ta a kunnena. Na ce wuyana ke ciwo, na ba na baya wuri.

Yanzu ranar ce ake ɗaukowa a jaka a kawo wa mutum har ƙofar gida, a roƙe shi ya duba. Da can gilashi ɗaya ne, shi ma sai mai riga da allo. Rifkatu ta ce za ta aro tabarau ɗin ta kawo mini ɗaki, mu rufe ƙofa, kuma ban ce mata a'a ba. Sau biyu na kai gaban layi ban ga rana ba, na biyun kuwa ba wanda ya kore ni.