Ranar da Baba Mai Gadi Ya Buga Dara a Gilashi

A ƙarshen shekarun tamanin ina sakatare mai buga takardu a biro, wato ofishin wani proje na dashen itatuwa a Keita. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikina ba ya karkacewa. A lokacin aka kawo mana ordinata, wato mashin ɗin kwamfuta, tare da wani injiniya daga Yamai da zai yi wata guda. Kafin ya koma zai zaɓi mutum ɗaya ya bar masa mabuɗin ɗakin mashin. Ni kuwa mabuɗin nan nake so, har na kasa ɓoyewa.

Ga jarrabawar da ya ba ni. Shi zai sa wasan dara a cikin mashin, ni in tsara abin da mai wasa zai gani a gilashi da abin da zai danna. Sharaɗi ɗaya ne: wanda bai taɓa kusantar mashin ba ya buga wasa har ƙarshe, ba a kama masa hannu ba.

Na zana komai a takarda bi da bi. Gurbi talatin. Ƴaƴan gefe ɗaya kara, na ɗaya gefen dutse. Kowane layi da harafinsa, kowane gurbi da lambarsa. Mai wasa ya danna harafi, sannan lamba, sannan babban maɓalli. In ya jera uku, mashin ta cire ɗa guda na abokin karawarsa da kanta, don kada a ɓata lokaci. Ranar da zanena ya fito kore shar a gilashi, sai da na miƙe tsaye!

Muka kira mai gadinmu, wani dattijo mutumin Garhanga, gwanin dara. Ni na zauna karawa da shi. Haruffan sun wahalar da shi, amma ya daure har ya jera uku. Nan take dutsena ɗaya ya ɓace.

"Wa ya ɗauke dutsen can?"

"Mashin ce ta ci maka, Baba."

"Ta ci mini? Ni in yi farauta, ita ta zaɓi cinya? Wancan na gefe nika so, wanda ka yi kamar ka manta da shi. Wanga ba dara ba ce."

Ya karkaɗe rigarsa ya fita. Saura kwana uku injiniya ya tafi.

Washegari na je kasuwa inda ƴan dara suke bugawa a ƙasa, na tsaya ina kallo. Na farko, ba wanda ke kiran sunan gurbi, hannu ne ke zuwa. Na biyu, wanda ya jera uku ba ya gaggawa. Sai ya riƙa yawo da hannu bisa ƴaƴan abokinsa, wancan yana zufa, jama'a na dariya. Ashe wurin da na yanke don saurin aiki, nan daɗin wasan yake.

Na dawo da gudu. Na goge haruffa da lambobi duka, ko da yake sun yi mini kyau. Na zana ɗan hannu da ake turawa da kibiyoyi huɗu, maɓalli ɗaya na ɗauka da ajiyewa. In an jera uku, mashin ta tsaya ta jira, ko za a kai la'asar.

Da ƙyar Baba ya yarda ya dawo. Da ya jera uku sai ya ga hannun yana jiransa. Ya gyara zama.

"Wanga? A'a, maraya ne. Wanga? Sakatare, mi ya sa ka daina numfashi?"

Ya cinye ni tas, injiniya na riƙe da ciki don dariya. Ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba.

Da yamma aka miƙo mini mabuɗi. Aikina na farko shi ne takardar da na buga na liƙa a ƙofa: ba a dara sai an tashi aiki, kuma a wanke hannu kafin a shiga.