Baba da Saiwar Jinsen

Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a Nijar ya zo Abidjan, ya fara da dako a Adjamé, a hankali Allah ya ɗaga shi har ya shiga sahun waɗanda ake sauke wa mota guda a bayan kasuwar Guro. Mu kuwa a Treichville aka haife mu, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kuma a nan muka girma. Kullum bayan asuba yakan ƙetare gada ya tafi kasuwa, ya dawo da yamma yana warin albasa, warin da babu sabulun da ya taɓa raba shi da shi. Dogo ne, ƙaƙƙarfa. Idan mota ta iso daga arewa ba ya yarda wani ya duba masa kaya. Shi da kansa zai tattare babbar rigarsa ya haye sama, yana danna buhu da babban yatsa, yana sunsunawa, ya ware wanda ya fara ruɓa.

Ciwon suga ne ya fara kama shi, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Daga baya zuciya ta shigo ciki. Bugunta ya rikice, wani lokaci ta yi gudu, wani lokaci ta yi kamar za ta tsaya. Ni nake raka shi asibiti, saboda Faransancinsa na ciniki ne, bai kai na likita ba. Ni kuwa Faransancin ya fi zama a bakina bisa ga Hausar ma, kamar yawancin 'ya'yan da aka haifa a nan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Likitar mace ce, mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan murmushi amma tana saurare. Ta ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini, ta ce aikinta hana jini daskarewa a zuciya ya tafi ya toshe wata jijiya a kai. Ta ce sai an riƙa gwada jininsa a kai a kai, kuma kada ya sha wani magani sai an tambaye ta. Na fassara masa duka. Ya gyaɗa kai.

Abin da ya fi ciwon ci masa rai shi ne kasala. Ya daina hawa mota. Yakan zauna a benci a ƙofar shago yana kallon 'yan dako suna sauke kaya, yana ba da umarni da murya, su kuma suna amsawa da ladabin da ake yi wa tsoho. Wannan ladabin ne ba ya so. Wata rana ya dawo gida ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, “Yau har wuri aka ba ni a gbaka, motar haya. Wai in zauna, Papa.” Ya yi dariya, amma bai taɓa tuwonsa ba.

Yana da wani amini, Alhaji mutumin Kano, mai shigo da kayan waya daga ƙasar Sin. Sun daɗe tare, shi ne ma ya raɗa wa ƙanena suna. Wata Juma'a bayan masallaci suka shigo tare, Alhaji riƙe da wani jan kwali mai rubutun ruwan zinari. A jikinsa akwai hoton wata saiwa mai hannuwa da ƙafafu kamar ɗan mutum. Ya buɗe, sai ga ƙananan kwalabe a jere, kowace ba ta fi yatsa ba.

“Jinsen ke nan,” in ji Alhaji. “Tsofaffinsu can shi suke sha. Ka gan ni nan, tun bara nake sha, ko gajiyar jirgi ba na ji.”

Na ce, “Baba Alhaji, likita fa ta ce kada ya haɗa da wani magani.”

“'Yata, ai wannan ba magani ba ne. Saiwa ce, kamar citta. Kin taɓa jin an tambayi likita kafin a sha citta?”

Duka suka yi dariya, har da Inna da ke tankaɗe a gefe. Baba ya fasa kwalba ɗaya a nan take ya kurɓe, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, ya ce lalle wannan da gani zai yi aiki.

Ba zan ɓoye ba, watannin da suka biyo baya sun yi daɗi. Ko saiwar ce, ko kuwa sa rai ne da ya samu, ban sani ba, amma Baba ya miƙe. Ya koma fita da sassafe. Ya riƙa cin abinci har da ƙari. Wata Lahadi ya kwashe jikokinsa ya kai su bakin ruwa suka ci gasasshen kifi da aceke, wato dambun rogo, ya dawo da ƙaramar a wuya. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya gaya mini ya gan shi a saman mota da idonsa. Inna ta ce mini, “Kin ga, ke da tsoronki.” Ni ma har na fara sakin jiki.

Da kwalin ya ƙare Alhaji ya yi tafiya, Baba bai jira shi ba. A Adjamé babu abin da ba a sayarwa. Akwai matan da ke baza magunguna a faranti a bakin hanya, cikin rana da hayaƙin mota, a wurinsu ya samo wani. Wannan ƙwayoyi ne, ba ruwa ba, hoton saiwar na nan amma kwalin daban. Bayansa ya kawo wani mai hoton damisa, da rubutun da babu wanda ya iya karantawa a gidanmu. Daga ɗaya da safe ya koma biyu, ya ƙara da ɗaya bayan azahar idan mota za ta iso.

Inna ce ta fara lura. Ta ce mini barcinsa ya gudu, kwana yake yana juyi. Da safe in na leƙa gaishe shi kafin in tafi aiki, sai in ga idanunsa jajur, ya ɗaure kai da rawani tamau saboda ciwo. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba ya fara faɗa a kan gishirin miya. Sannan wata rana da hantsi jiri ya kwashe shi a kasuwa, gumi ya jiƙa masa riga. Wata mata 'yar ƙabilar Guro mai sayar da ayaba kusa da shagonsa, wadda mijinta ma mai ciwon suga ne, ita ta gane, ta ɗura masa zoɓo mai zaƙi har ya dawo hayyacinsa. Ita ce ta gaya mini, shi bai faɗa wa kowa ba.

Ranar gwaji ta zo, muka tafi. Likita ta duba sakamako. Ta ce jinin bai tsinke yadda take so ba, kamar wanda ba ya shan ƙwayarsa. Baba ya rantse yana sha, kuma gaskiya ya faɗa, Inna ke ba shi da hannunta. Sai ta tambaya ko akwai wani abin da yake sha ban da nata. Na juya masa tambayar da Hausa.

“Babu,” ya ce.

“Baba, jinsen ɗin fa?”

“Magani ta tambaya. Ki ce mata babu.”

Na dubi likita, ita ma ni take kallo. Na gaya mata komai da Faransanci, da kwalaben Alhaji, da ƙwayoyin bakin hanya, da rashin barci, da faɗuwar kasuwa. Baba yana jin abin da ya ishe shi ya gane. Ya kafa wa bango ido.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce saiwar ba guba ba ce, akwai masu sha su ji ƙarfin jiki, mai lafiya in ya sha kaɗan na ɗan lokaci yawanci ba ta yi masa komai. Amma tana iya rage ƙarfin ƙwayar tsinka jini, tana iya haɗuwa da maganin suga su saukar da sugan fiye da kima, tana hana barci, tana taɓa bugun zuciya. Na bakin hanya kuwa, ta ce, ko ita ba za ta iya cewa ga abin da ke ciki ba. Ta juya gare shi kai tsaye ta ce, “Papa, ka bari, don Allah.”

Muka shiga tasi, muka hau gada. Yana kallon ruwa ta taga ya ce, “Uwata, ni kika tsiraita a gaban baƙuwa. Na ce babu, kin ce akwai. Yau na zama maƙaryaci da furfurata.”

“Baba, tsoro nake ji.”

“Ni ma tsoro nake ji. Kin san abin da nake tsoro? Benci.”

Daga ranar kwalayen suka ɓace daga gidan. Na yi murna, har Inna ta ja ni kicin ta ce shago ya mayar da su. Ya kuma daina yarda in raka shi asibiti, ya ce ƙanena zai riƙa kai shi, shi kuwa ƙanena abin da Baba ya ce a faɗa shi yake faɗa. Idan na gaishe shi yakan amsa, amma a taƙaice, kamar yadda ake amsa wa 'yar maƙwabta.

Na je wurin Alhaji a shagonsa na gaya masa abin da likita ta ce. Ya tafa hannu yana salati. Ya ce wallahi shi alheri ya nufa, kuma na yarda da shi. Ya je ya sami Baba, sun yi magana mai tsawo, amma Baba ya ce masa, “Kai da ka nuna mini hanya ne za ka tare ni?” Alhaji ya dawo jiki a sanyaye.

Ina ofis, wurin da nake aikin takardun fito da kaya kusa da tashar jiragen ruwa, aka kira ni wata safiya. Mota ta iso, Baba ya tattare riga zai hau, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Ya juya zai yi magana, bakin ya karkace, ya sulale a jikin taya. Wanda ya san Adjamé da safe ya san babu motar da za ta iya kutsawa cikin wannan cunkoso. A amalanken dakon albasa aka kwantar da shi, a kan buhunan da babu komai ciki, aka tura shi har bakin titi, hularsa a hannun matar nan mai ayaba tana bin su da gudu.

Ya rayu, amma ɓarin damansa ya tafi. Na tare likitar a baranda na tambaye ta ko saiwar ce ta jawo. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Mai irin zuciyarsa yana iya gamuwa da wannan ko da ya bi doka sau da ƙafa. Abin da ta sani kawai, ƙwayar da aka ba shi don ta tsare shi ba ta samu ta yi aikinta ba. Na so ta ce e ko a'a, in san inda zan ajiye fushina. Ba ta ce ba.

Da maganarsa ta fara dawowa, sai ta dawo da giɓi. Faransancin kasuwa ya tafi, Julancin da ya yi shekaru yana ciniki da shi ya tafi. Abin da ya rage Hausar ƙauyensu ce, ta yarintarsa, mai kalmomin da ban taɓa ji ba, ga harshen ya yi nauyi. Inna kaɗai ke gane shi sosai. Ni da nake yi masa tafinta a gaban likitoci, sai ga ni ina jiran Inna ta gaya mini abin da ubana ke cewa.

Alhaji bai yanke ƙafa ba. Kowace Juma'a zai zo ya zauna a bakin katifa, ya yanke masa farce, ya ba shi kunu da cokali, yana ba shi labarin kasuwa. Inna takan ajiye masa ruwa ta fita ba tare da ta dube shi ba. Shi ma bai taɓa neman ta dube shi ba. Ƙanena ya karɓi shagon, ya kwashe sauran kwalayen da ya tarar a bayan sikeli ya zuba a kwata.

Da damina ta wuce Baba ya fara maimaita kalma ɗaya, gida. Mun yi ta lallashi, muna cewa asibiti ya fi kusa a nan, ya ƙi ci ya ƙi sha sai da muka yarda. Aka yanka musu tikitin babbar mota zuwa Nijar, shi da Inna da wani ɗan baffanmu. A tasha, bayan an ɗora shi a kujera an gyara masa ƙafar da matashi, na hau in yi masa sallama. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya riƙe da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba. Ya yi magana mai tsawo yana kallon idona, miyau na zuba ta gefen bakinsa, ina share masa da bakin mayafina. Na tsinci Uwata a ciki, na tsinci sunan Allah, sauran ya wuce ni. Direba ya fara danna oda.

“Inna, me ya ce?”

Tana share hawaye ta ce, “Ya ce ki kula da kanki. Sauka, za su tashi.”

Maganar ta fi haka yawa, amma na sauka. Bai kai ga wata damina ba ya rasu a can, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa kafin labari ya iso gare mu. Da Inna ta dawo bayan takaba na sake tambayarta. Ta ci gaba da tsince shinkafa, sannan ta ce ita ma ba duka ta ji ba, ƙarar mota ta yi yawa a ranar.