In'inar Mma Napari

Shekara ashirin da biyu Mma Napari tana ɗinki a bayan kasuwar Aboabo ta Tamale, kuma duk wadda ta koya a wurinta da ido ta koya. Tun tana yarinya take in'ina, shi ya sa ba ta son magana. Sai dai ta kama hannunki ta ɗora a kan almakashi.

Da ƙungiyar teloli ta roƙe ta ta yi bidiyon yankan wuyan riga don matan ƙauye masu koyo ta waya, ni ƙanwar mijinta na ɗauka. Ta ce ba za ta buɗe baki ba, a rubuta bayanin da Turanci a ƙasan hoton. Haka muka yi, aka tura wa mata arba'in.

Bayan sati guda wata Sanatu ta taso daga Savelugu da riguna uku a leda, duk wuyan ya karkace.

"Mma, in na tsaya karanta rubutun, hannunki ya wuce," in ji ta. "In na bi hannun, rubutun ya ɓace. Rabinmu ma ba mu yi boko ba."

Mma Napari ta yi ta juya rigunan. Yadi nawa ake ɓatawa yanzu haka da sunanta?

"Yaya, ki yi magana kawai," na ce.

"Su y-yi mini dariya har Yendi?"

"To, ki bari su ƙarasa yadin mutane."

Kwana biyu ta kasa cin tuwo. Daga baya ta yarda. Ranar ɗauka zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Da Dagbanci, yarensu, ta yi, sau bakwai tana maƙalewa tana cewa in goge. Na takwas na ƙi gogewa, na tura.

Duk sanda wayar ta yi ƙara sai ta tsayar da keken ɗinki, ta ƙura mini ido. Rana ta huɗu Sanatu ta aiko da murya: "Mma, wuya ya fita! Inda kike tsayawa ɗin nan, nan nake cim miki da almakashi."

An yi dariyar, a Tolon har wata ta kwaikwaye ta. Labarin ya kai kunnen Mma Napari. Washegari ta shimfiɗa sabon yadi, ta ce in goge gilashin wayar, saura hannun riga.