Yadda na durƙusar da motar mahaifina

Shekarun baya, tun yaƙi bai watsa mutanen Khartum ba, abokina ya zo Gadarif ganin gida da wata tsohuwar mota koriya. Unguwa ɗaya muka tashi, shi ya tafi birni, ni na tsaya noma. Motar ta girme mu duka, amma an sauke ta har cikinta na neman shafar kwalta, an sa mata tayoyi masu faɗi, ƙarfensu sai ƙyalli. Duk inda ya tsaya sai an kewaye shi. Mai shayin bakin kasuwa, wadda na yi shekara da shekaru ina shan shayinta ba ta taɓa ce min ci kanka ba, da kanta ta kai masa kofi har taga.

Ni ma na ce masha Allah, amma iyakarta leɓe. Kyashi ne ya kama ni. Abin haushin, irin motar sak muna da ita a gida, wadda marigayi mahaifina ya bari, da ita nake zuwa gonar riɗin mahaifiyata. Ko akuya ba ta juyowa ta kalle ta.

Sai na kai ta wurin bakaniken da ke duba ta tun zamanin mahaifina, wanda muke kira Usɗa, na ce a yi mata yadda aka yi wa koriyar.

Ya ce, "Bawan Allah, wannan motar gona ce fa. Marigayi da kansa ya sa na ƙara mata tsawo."

Na ce, "Usɗa, aiki na kawo maka, ba shawara na zo nema ba."

Sai ya ɗauko kayan aikinsa. Ya yanke sifirin gaba, ya zare ƙarfe biyu a na baya, ya ɗaura tayoyin. Da na shigo gida mahaifiyata ta zagaya motar ta ce, "Kai wannan, wa ya karya mata ƙafafu?" Na ce ai haka ake yayi, Inna. Ta ce, "To. Riɗi dai ya fara rawaya."

Kwana huɗu ina yawo a gari, hannu a taga. Ko kun san abin da mutane suka riƙa cewa? "Kai, ta yi kama da ta abokinka!" Ban ma samu yabon da sunana ba.

Shi riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson sai ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, shi ke nan. Ranar da na kwaso masu yanka biyar daga kasuwa, da buhun gari da jarkokin ruwa, tun kafin mu bar gari na ji tayoyin baya na gurzar jikin motar. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar Fashaga. Damina ta ɗauke, laka ta bushe kamar dutse, taraktoci sun haƙa ramuka biyu sun bar tudu a tsakiya. Na sha bin hanyar nan ban taɓa lura da tudun ba, saboda motar ta saba haye shi.

Sai ji muka yi ƙwaram! Baƙin mai ya malale a ƙasa. Babban cikin ma'aikatan ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Maigida, motarka ta yi sujada." Da wata babbar mota ta zo wucewa, suka ɗauki laujensu suka haye. Lokacin yanka ba a rasa mai nema.

Abokina na kira, don ba yadda zan yi. A bayan taraktan kawunsa ya iso. Na ce ina koriyar?

Ya ce, "Haukacewa na yi? Tawa ba ta taɓa taka ƙasa ba. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka."

Ina zan tambaye shi, ni da ko gaisuwarsa da ƙyar nake amsawa?

Kwana uku kafin na sake haɗa ma'aikata na kai su. Gefen gabas na gonar duk ya zube. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta duƙa ta damƙo ƙasa, ta buɗe tafinta a gabana, fararen ƙwayoyi a cikin baƙar ƙasa. Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Na mayar da motar wurin usɗa, ya ɗaga ta yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Da yaƙi ya koro abokina da iyalinsa, da wannan motar na je tasha na ɗauko su. Koriyar can ta tsaya a Khartum, har yau bai san inda ta yi ba. Na so in ce muku na warke sarai, amma ƙarya ba kyau. Kwanan nan ya nuna min hotonta a waya, idonsa ya ciko, ina ba shi haƙuri, sai na ji abin nan ya sake taso min. Mutum ya rasa gida ya rasa mota, ni kuma ina zaune gefensa ina kyashin hoto.