Cizon Birin da Na Ɓoye wa Maigidana

Edita, a farkon shekarun casa'in ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a gabashin Landan. Muna zaune a wani ƙaramin flat, wato sashen gidan bene, a unguwar Stratford, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. A lokacin gani nake babu abin da wani zai koya mini a kan lafiyar jiki. Maƙwabciyata wata Hajiya ce 'yar Ghana, ta girme ni sosai, ina kiranta Yaya. Takan je Bangkok saro yadi, kuma da hutuna ya zo ta roƙi maigidana ya bar ni in raka ta. Ya amince, muka yanki tikitin jirgi muka tafi.

Kwanakin farko ko barci ba na so in yi don kada wani abu ya wuce ni. Yaya ta san unguwar Musulmi, can muke cin shinkafa da kaza da gasasshen kifi mai yajin da ya fi na gida zafi. Akwai wata shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a ɗora mata mangwaro, ita kam kullum sai na ci. A rana ta biyar muka hau jirgin ƙasa zuwa Lopburi, garin da birai suka cika. Ban taɓa ganin irinsa ba. Biri a kan wayar lantarki, biri a rufin shago, biri zaune a kan babur kamar shi ya saya. A bakin wani tsohon wurin bauta na sayi ayaba, Yaya ta ce in saka ta a jaka. Ban ji ba, don ina so ta ɗauke ni hoto ina miƙa musu. Kafin ta saita kyamara wani ƙaton biri ya diro kafaɗata, ya fizge mayafina, ya kafa mini haƙora a tsintsiyar hannu.

Jinin bai yi yawa ba. Matar da ta sayar mini da ayabar ta riƙa nuna mini hanya tana kwatanta allura da yatsa. Yaya ma ta dage mu tafi asibiti. Na wanke wurin da ruwan gora, na ɗaure da hankici, na ce mata ai ciwo aikina ne, wannan ƙwarzane ne kawai. Gaskiyar magana, washegari za mu je kasuwar da ake ci a cikin kwale-kwale, kuma ba na so layin asibiti ya cinye mini ranar. Da muka dawo Landan maigidana ya tambayi bandejin, na ce ƙofar jirgin ƙasa ce ta datse ni. Na san idan ya ji biri ne, ba zan sake zuwa ko'ina ba.

Bayan kusan mako uku, muna shan shayi a wurin aiki, na ba wani likita ɗan Katsina labarin ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa, ya kama hannuna ya duba tabon, ya tambaye ni ko an yi mini allurar ciwon haukan kare. Na ce ai biri ne, ba kare ba. Ya ce a can birai da karnukan titi tare suke kiwo, kuma idan alamun ciwon suka bayyana babu magani, sai dai jiran ajali. Na karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kai, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

A ranar aka fara yi mini allurai, wasu a kewayen tabon, wasu a dantse, aka ce zan riƙa dawowa har wata guda, sannan a zuba ido wasu watanni. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ina kallon hannuna kamar ba nawa ba. Da na faɗa wa maigidana gaskiya bai yi faɗa ba. Sai dai ya tambaya ko na tuna da yaran nan lokacin da nake shirya masa ƙarya. Na gwammace a ce zagina ya yi.

Mai wannan ciwo ruwa yake tsoro, don haka kowace safiya sai in cika kofi in tsaya a kicin, in ga ko zan iya haɗiyewa. A wata na biyu zazzaɓi ya kama ni da ciwon maƙogwaro har kwana huɗu. Na kira Yaya na ba ta amanar 'ya'yana, tana kuka tana cewa laifinta ne da ba ta ja ni asibiti da ƙarfi ba. Mura ce kawai, amma kwana huɗun nan na san yadda mutum yake ji idan yana ban kwana da gidansa.

Allah ya kiyaye ni, ciwon bai taɓa bayyana ba, kuma har yau ban san ko birin yana ɗauke da shi ba. Abin da na sani shi ne ilimina bai amfane ni ba ranar da girman kai ya shiga gabansa. 'Yan'uwa masu tafiye-tafiye, ku ci abincinku, ku ɗauki hotunanku, amma kada ku miƙa wa dabbar daji hannu. Idan ta cije ku ko ta yakushe ku, a ranar za ku nemi asibiti, sannan ku faɗa wa mutanen gidanku gaskiya tun suna da abin da za su iya yi muku.