Tsamiyar Umma da Ruwan Kwalbar Kyaftin

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi har yau in na zauna ina juya shi sai kaina ya ɗau zafi. A 2012 ne, ina akawu a wani ɗan sito na kayan gyaran jirgin ruwa a unguwar Al Qusais ta Dubai, ina kwana a Hor Al Anz, mu shida a ɗaki ɗaya.

Mai kula da siton wani dattijo ne ɗan ƙasar Girka, Kyaftin muke ce masa don ya yi shekaru yana tuƙa jirgi. Mutumin kirki, sai dai surutu, kuma hirarsa ɗaya ce tal, tsibirinsu. Wai ɗan mitsitsi ne, da ƙafa za ka ratsa shi kafin azahar, dutse ne da awaki da iska. Wai kakanninsu a bayan tsauni suka ɓoye garin saboda 'yan fashin teku, suka murɗe lungunan da gangan don baƙo ya ɓata. Turkawa sun mulke su, Italiyawa sun mulke su, kowa ya gaji ya tafi. Idon ruwa ɗaya gare su, a gindin wani ɓaure, kuma duk wanda zai yi tafiya sai ya ɗebi kwalba guda. Ba a shan sa a waje, ajiyewa ake yi don kada mutum ya manta hanyar gida, in kuwa ya mutu a baƙon wuri a zuba masa a kabari. Ni dai in ce "to, Kyaftin," in ci gaba da aikina.

Ran nan cikin watan Yuni, zafin nan na Dubai mai sa mutum ya tsani kansa, ruwan ofis ya ƙare, masu kawowa shiru, na famfo kuwa sai ka dafa ƙwai da shi. Ga tsamiyar da Umma ta aiko min daga Kano ta hannun wani ɗan kasuwa. Na buɗe firij, na ga wata koriyar kwalba can ciki, ba rubutu ba komai, na juye, na jiƙa tsamiyata, na zuba sukari. Ku gaya min don Allah, wane mai hankali ne zai ajiye ruwan kabarinsa kusa da kindirmo? Na sha kofi, na miƙa wa Kyaftin kofi, ya shanye har da lasar baki. Sai idonsa ya faɗa kan kwalbar. Bawan Allahn nan bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi a kan kwali, ya ce, "Habibi, me ka yi mana?"

Na ba shi haƙuri har na gaji, na ɗauka magana ta wuce.

Bayan kamar mako biyu Umma ta kira, cikin hira ta ce an sare darbejiyar ƙofar gidanmu. Na ce, "Wace darbejiya, Umma? Ba ɓaure ba ne?" Ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa? A Fagge ka taɓa ganin ɓaure a ƙofar gidan ubanka?" Na rufe ido in hango gidanmu, inna lillahi, sai farin bango nake gani, da matakala tana hawa tsauni, da shuɗiyar ƙofa, da teku a ƙasa. Na san matakin da ya fashe, na san warin wurin. Ni da ban taɓa taka ƙasar Girka ba! Gidanmu kuwa fayau, kamar an goge allo.

Washegari Kyaftin ya ja ni gefe, fuskarsa duk ta faɗa. Ya ce wane ne wani dogon mutum da yake gani in ya rufe ido, mai gyaran rediyo a zaure, yana zaune a kan buzu, in zai yi dariya sai ya fara tari? Babana ne, ya rasu ina ɗan shekara tara, kuma ban taɓa ba kowa labarinsa a Dubai ba. Na nemi hoton nan a kaina na rasa. Shi kuma ya ce tun ran tsamiyar nan yake neman ƙofar gidansu a kansa, ta ƙi zuwa. Na ce shuɗiya ce, da ƙarfen ƙwanƙwasawa mai siffar hannu. Dattijon nan ya fashe da kuka, ni ma ban san lokacin da na fara ba.

Ba abin da ban yi ba. An yi min ruƙiya, na sha rubutu, likita ya ce gajiya ce in rage shayi. Sallata lafiya, aikina lafiya, sunayen 'yan'uwana duk ina da su, ƙuruciyar ce kawai babu.

Da na je hutu Kano, mai adaidaita ya sauke ni a bakin unguwar da aka haife ni, na tsaya da jaka kamar baƙauye. Kunya ta hana ni tambaya. Kyaftin na kira a waya, Bature daga Dubai, shi ya yi ta ce min wuce masallaci, bi hagu wajen mai nika, ƙofa ta uku. Haka na shiga gidan ubana. Da shi ma ya koma tsibirinsu gaba ɗaya, ni na raka shi ta waya tun daga bakin ruwa har shuɗiyar ƙofar.

Daga nan duk Juma'a sai na kira shi, ya ba ni labarin Babana kaɗan kaɗan, ni kuma in ba shi na tsohuwarsa mai gasa burodi. A 2014 'yar Kyaftin ta turo saƙo cewa ya rasu. Na yi zaton abin zai warware, kowa kayansa su koma masa. Shiru kake ji. Har gobe in na rufe ido awakin tsibirin nan nake gani, kuma ina kewar wata tsohuwa da ban taɓa haɗuwa da ita ba.

Don haka 'yan'uwa matafiya, abin da ba ku san asalinsa ba kada ku kai baki, ku tambaya ko da ruwa ne. Ni ga shi Umma takan ce, "Ka tuna dariyar babanku?" in ce na tuna, don kada ranta ya ɓaci. Wanda ya tuna ɗin yana can kwance a bayan tsauni, a tsakiyar teku.