Ranar da Majiya Ta Raba Mu da Gidan Likita

Duk tsufan da zan yi, ba na jin ranar da maciji ya sari ƙanwata za ta fita daga raina.

Lokacin ina saurayi, ina dakon albasa a keke daga Dogarawa zuwa Konni. Cinyoyina kamar turmi, hannuwana kuwa sirara. Ɗan kawuna masunci ne, kullum yana cikin kwalekwale. Shi kafaɗunsa ne suka buɗe, damtsensa ya cika, ƙafafun kuma kamar na balbela. Da yake taubasai ne mu, ba ma haɗuwa sai an yi tsiya. Har yau ina kewar dariyar nan tasa.

Da damina ne, da hantsi, ƙanwar tawa tana cirar ciyawa a gona kububuwa ta sare ta. Ga gulbin Majiya ya cika ya shanye hanyar gidan likita. Na ɗauko ta a keke har bakin ruwa, ɗan kawuna ya loda mu cikin jirgi har da keken.

A tsakiya ruwa ya fara jan mu. Ya miƙo mini filafili na biyu, ya ce, "Kama mini, ba ni iyawa ni ɗai!" Ban yi nisa da tuƙi ba hannuwana suka mutu, kafaɗuna na zafi kamar an zuba barkono.

"Ba da hannu za ka ja ba!" ya daka mini tsawa. "Dogara ƙafa ga katako, ka murɗa ƙugu, bayanka shi ka aiki!" Na toƙare da ƙafafun nan nawa, sai ga jirgi ya miƙe.

Da muka haye, ya ga ina haki ya ce shi zai tuƙa keken. Hawan tudun farko cinyarsa ta ɗaure, ya sauko yana ɗingishi. "Amshi abinka," ya ce. Ya ɗaure mini ƙanwata a baya da rawaninsa, na taka feda har gidan likita kamar ba ni na gaji ba.

Ta rayu, yanzu har da jikoki. Shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Tun ranar na gane kowace sana'a da inda take ajiye wa mutum ƙarfi, kuma ba wanda aka haɗa wa duka. Inda naka ya ƙare, na ɗan'uwanka kake nema.